Kaya ya bar sito ba shi ne an sayar ba

A shekarata ta biyu a kamfanin da nake aiki, inda muke yin lemon kwali da biskit da 'yan kayan ƙwalama na leda, aka damƙa min wani sabon lemo aka ce ni zan kula da shi. Kala uku muka saki lokaci guda, kowanne da ɗanɗanonsa, kwali ya sha ado, an biya masu talla, an tara diloli an yi taron ƙaddamarwa har da rabon riguna. Watan farko motoci sai lodi suke yi ba dare ba rana, sito ya koma wayam, da na kai rahoto mitin har tafi aka yi min wallahi, ni kuwa kaina ya fashe ina ganin ai na gama gane harkar nan.

Wata na uku oda ta tsaya cak. Na ce ƙila yanayin kasuwa ne. Wata na biyar sai ga kaya sun fara dawowa.

Ogana na lokacin dattijo ne wanda ya faro daga bin motar raba kaya, ba shi da yawan magana. Ranar ya leƙo ofis ya ce "ɗan samari taso mu je ka ga cinikin naka". Muka je sito na wani babban dilanmu, can ƙurya bayan kayan wasu kamfanoni sai ga katan-katan ɗina an jera har kusan rufi, ƙura ta rufe na saman. Oga bai ce uffan ba, ya sauko da ɗaya ya juya min gefen da ake buga ranar da aka yi kaya da ranar da zai lalace, ya ɗora yatsa a kai. Kayan lodin farko ne, tun na ranar da aka yi min tafi. Na ce "Alhaji ya haka, ai kun ce kaya na tafiya". Dilan ya yi dariya ya ce "Yallabai ku kuka ce in na ɗauki katan goma za ku ɗora min ɗaya kyauta, to wa zai ƙi? Masu kanti sun ɗauka sau ɗaya, har yau ba wanda ya dawo ya ce a ƙaro masa."

A motar dawowa ne na gane wautar da na yi. Lambar da nake kai wa mitin ta kayan da suka fita daga masana'anta ce, alhali kayan wuri kawai suka canja, daga sitonmu zuwa siton wani. Ciniki bai faɗa ba sai mutum ya ɗauki kwali daga kanta ya biya, ya sha, sannan bayan sati biyu ya dawo ya sake ɗauka ba tare da an roƙe shi ba. Wannan dawowar ta biyu ita ce komai, kuma ita ce ban taɓa tambaya ba ko sau ɗaya. Kwantan nan mu muka kwashe shi, muka biya kuɗin mota, muka biya kuɗin zubarwa, kuma abin da ya fi ciwo dilan ya daɗe bai sake yarda da wani sabon kayanmu ba.

Bayan nan ne na koma karatu da gaske, na ci karo da aikin wata cibiyar bincike ta Ehrenberg-Bass da ke birnin Adelaide a Ostireliya, waɗanda suka shafe shekaru suna bin diddigin yadda mutane ke sayen kaya. Abin da suke faɗa da farko bai min daɗi ba don ya rushe abin da aka koya mana, wai ka riƙe kwastomanka na amana ka yi ta lallaɓa shi. Su suka ce kaya yana girma ne in adadin masu sayensa ya ƙaru, kuma yawancin masu sayen nan ba wasu masoyanka ba ne, mutane ne da ke ɗaukar kayanka jefi-jefi, yau naka gobe na wani, ba su ma damu da kai ba. Irin wannan mutumin abu biyu yake buƙata, ya tuna da kai lokacin da ƙishi ya kama shi, kuma ya same ka a inda yake tsaye. In firij ɗin da ke gabansa babu kai, to na kusa da kai ya ci kasuwa, ba zai tsallaka titi don nemanka ba. Da na duba namu lissafin sai na ga haka ne, yankunan da muka fi ciniki su ne inda motarmu ta fi shiga lungu, ba inda muka fi kafa allon talla ba.

Shi ya sa yanzu in wani sabon ma'aikaci ya zo da ɗokin a canja kwali wai ya tsufa, sai in ba shi labarin Tropicana. A farkon 2009 PepsiCo, mai kamfanin a lokacin, ta sauya kwalin lemon a Amurka, aka cire hoton nan da kowa ya sani na lemu da tsinken zuƙa a soke a jikinsa, aka sa kofin lemo, aka juya rubutun sunan. Abin da ke ciki bai canja ba ko ɗigo. Cikin ƙasa da wata biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, a watan Fabrairu suka ce sun tuba za su koma tsohon kwali. Mutane ba karanta suna suke yi a kanti ba, ido ne ke neman abin da ya saba gani hannu ya miƙa, duk cikin daƙiƙa biyu uku. Garin neman gira aka rasa ido. Coca-Cola ma ta taɓa irin ta a 1985, ta canja ɗanɗano bayan gwaji a bakin mutum kusan 200,000 da aka ce yawancinsu sun fi son sabon, amma kwana 79 kacal aka yi ta dawo da tsohon. Mu ma gwajin ɗanɗano muka yi kafin mu saki lemon nan nawa fa, kowa ya kurɓa ya ce da daɗi, to wa zai kurɓi abin kyauta a gabanka ya ce maka ba daɗi?

Wani abin da na daɗe ban yarda da shi ba shi ne yawan kala ba ya nufin yawan ciniki. Kala ukun nan da na saki, waɗanda suka saya ma yawanci masu shan tsohon lemonmu ne suka gwada, wato daga aljihun dama muka cire muka sa a na hagu, ga shi kowace kala sai an tsayar da inji an wanke an canja kwali, kanta kuma ba ta ƙara faɗi don ka ƙaro kaya, mai kanti naka zai matsa ya sa naka. A 2020 Coca-Cola ta yanke sunayen kaya kusan 200, wajen rabin abin da take da shi, har da Tab da ke kasuwa tun 1963, don abin da suke kawowa bai taka kara ya karya ba amma suna cin mota da sito da hankalin ma'aikata. Mu da muka zauna muka yi namu tankaɗen rigima aka sha, kowane manaja yana kare nasa kamar ɗansa.

Maganar farashi ita ce ta fi ba ni wahala, har yanzu ma ban ce na iya ba. Daga 2022 komai ya tashi, alkama, man girki, sukari, kwali, kuɗin sufuri, kokon da ake yin cakulan da shi ma a 2024 ya haura dala 10,000 kan tan ɗaya. Manyan kamfanoni suka yi ta ƙara farashi, kuɗin shiga yana hawa a takarda amma adadin katan da ake sayarwa yana sauka, kuma mu ma haka muka yi, aka yi ta murna a mitin. Ni da na taɓa ƙonewa sai na ji gabana yana faɗuwa, don irin tafin nan ne dai aka sake yi. In kuɗi ya ƙaru katan ya ragu, ma'anarsa mutane sun fara barinka, kuma wanda ya bar ka ba zama yake da yunwa ba, wani ya samu. Yawanci kayan da manyan kantuna ke yi da sunansu yake komawa, irin na Aldi da Lidl na Jamus waɗanda akasarin abin da ke kantarsu nasu ne, ko Kirkland Signature da Costco ta fara a 1995. Da ana ganin irin waɗannan kayan na marasa hali ne, yanzu mutum ya gwada ya ji ba wani bambanci, to ranar da ka sauke farashi ma ba lallai ya dawo ba. Su kansu kantunan sun san ƙarfinsu, a Janairun 2024 Carrefour ta daina sayar da kayan PepsiCo, su Lay's da 7Up, a Faransa da Italiya da Sifen da Beljiyam, ta manna takarda a kanta tana gaya wa jama'a ƙarin farashin ne ba za ta lamunta ba.

Akwai kuma dabarar rage kaya a bar farashi yadda yake, wadda kowa a harkar nan ya taɓa yi ko ya taɓa tunanin yi, duk wanda ya ce maka bai taɓa ba ƙarya yake. A 2016 masu cakulan Toblerone a Birtaniya suka mayar da mai giram 170 ya koma 150 ta hanyar buɗa tazara tsakanin tsaunukan nan nasa, aka yi ta yawo da hotonsa a intanet ana dariya, a 2018 suka dawo da tsohuwar siffa. An taɓa kawo shawarar mu rage biskit biyu a fakiti mu bar ledar da girmanta, na ce a'a, aka rinjaye ni. Abin da na lura shi ne ƙarin farashi mutum zai yi tsaki ya biya, amma in ya buɗe leda ya ga iska ta fi yawa ji yake an raina masa hankali. Ƙaramin fakiti da aka fito da shi a fili aka ce ga ƙarami ga kuɗinsa daban ne, wannan yana jawo sababbin masu saye.

Sai masu ganin hanyar riba ita ce a yi ta yanka kashe kuɗi. Kamfanonin abinci na Amurka Kraft da Heinz sun haɗe a 2015 ƙarƙashin kamfanonin zuba jari 3G Capital da Berkshire Hathaway ta attajiri Warren Buffett, aka tsuke komai, riba ta yi kyau na 'yan shekaru kowa yana yabo. A Fabrairun 2019 kamfanin ya fito ya rage darajar kadarorinsa da dala biliyan 15.4, ciki har da sunayen Kraft da Oscar Mayer, hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu a rana guda, Buffett da kansa ya amsa cewa sun biya Kraft fiye da ƙima. Talla ita ce abin da ake fara yankewa in an shiga matsi don ranar da ka tsayar da ita ba abin da ke faruwa, wata shida ma shiru, sai can an manta da kai sannan a fara neman wanda za a ɗora wa laifi.

Abin da ke gabanmu yanzu kuma maganar lafiya ce, sukari musamman. Meziko ta sa harajin peso ɗaya kan kowace lita ta lemo mai sukari a 2014, Chile ta fara tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban fakiti a 2016, Birtaniya ta sanar da nata harajin a 2016 ya fara aiki a Afrilun 2018, aka ce duk lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba ya tsira. Kamfanoni da yawa ba su jira ba, suka rage sukari kafin ranar ta zo, wasu kwastomomi suka yi ta ƙorafin ɗanɗano ya canja. Manya kuma in sun ga ƙaramin kamfani ya kama abin da matasa ke so, ba sa wahalar da kansu, saye suke yi, kamar yadda PepsiCo ta sayi kamfanin lemon Poppi a 2025 kan dala biliyan 1.95. Ƙaramin ya nemo masu saye, babban yana da motoci da firij a ko'ina, an dawo dai kan maganar a same ka a inda ake tsaye.

Mu ba mu da biliyan ɗin sayen kowa, don haka namu mai ƙarancin sukarin da kanmu muke haɗawa, kuma ni aka sake ba wa. Wannan karon kala ɗaya ce, yanki ɗaya, babu kyautar katan ga dila, babu taron riguna, kwalin ma launinsa da rubutunsa irin na tsohon ne don ido ya gane shi. Sashen kuɗi suna ta ƙorafi wai tafiyar ta yi sanyi. Duk ranar Talata nake barin ofis in bi kantuna, in buɗe firij in ɗauko na can baya in juya in duba ranar da aka buga a jiki, in na ga na watan nan ne in ji sanyi, in na ga na lodin farko ne in tsaya in tambayi mai kantin me mutane ke cewa. Makon jiya wata mai kanti ta ce min yara ba sa so amma iyayensu mata suna ɗauka bibbiyu, na rubuta a littafina, sati takwas suka rage kafin mu yanke ko za a ƙara yanki na biyu.