Kai ta'aziyya Damagaram

Bayan sadakar arba'in ɗin kakata, wadda duk gidan muke kira Iya, sai Umma ta ce akwai sauran nauyi a kanmu. Ƙanwar Iya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, tana Damagaram, ƙafa ta hana ta zuwa Kano jana'iza. Gaisuwar waya kuwa ba ta isa a irin wannan rashi. Ga kuma kayan da Iya ta ware tun tana da rai ta ce na 'yar'uwarta ne: zannuwa, carbi da wasu tsofaffin tasoshi na aurenta.

Da sassafe muka bar Fagge. Kazaure muka wuce ba tsayawa, a Daura muka karya kumallo nesa kaɗan da rijiyar Kusugu, daga nan sai Kwangwalam. Aka duba takardu, muka tsallaka Ɗan Barto, muka canji naira zuwa sefa. Tun daga nan Umma ta fara ba ni labari, kamar iyakar ce ta buɗe mata baki.

Ta wannan hanya aka kawo Iya Kano tana amarya, a bayan motar gyaɗa. Ba a rubuta ranar haihuwarta ba, da abubuwan da suka faru take lissafi. Takan ce lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano tana goye da ɗanta na fari, wato 1956 ke nan. Da wannan muka ƙiyasta cewa ta doshi casa'in. Ta ga dalar gyaɗa a tsaye, ta kuma ga ranar da babu ita, ita da sana'arta ke nan, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Har ta rasu ba ta daina ambaton sule da fam ba, alhali tun 1973 naira ta maye gurbinsu.

A Matamaye masu rake suka yanyame motar. Umma ta saya, ta riƙe a hannu ba ta sha ba. Ta ce a 1984, da gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ga fari ya ci amfanin gona, yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan El-Buhari, Iya ta riƙa ƙulla gero da garin rogo cikin tsummokara tana bai wa fatake masu bin hanyar daji su kai wa danginta. Mijinta ya yi faɗa har ya gaji. Ita a wurinta babu wata Nijeriya da Nijar, gidan miji ne da gidan uba.

Daga Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai, ba a jima ba sai ga duwatsun Damagaram. Garin ya fi yadda nake zato girma da natsuwa. Nan ne hedikwatar Faransawa a Nijar kafin su mayar da ita Yamai a 1926, kuma har yau mutanensa na tafiya da wannan alfahari. Gidan da muka nufa yana cikin Birni, bayan fadar Sarkin Damagaram, cikin lunguna masu gidajen ƙasa da zanen ado a goshin zaure. Mota ba ta shiga, da ƙafa muka ƙarasa.

Tsohuwar na zaune a kan tabarma. Da ta ɗago kai sai da gabana ya faɗi, don fuskar Iya ce sak. Umma ta durƙusa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya, 'yar nan. Allah ya jiƙan Yaya, ya kyauta namu zuwan."

Suka yi kuka mai isarsu. Can ta share ido ta dube ni. "Wannan ne angon nata? To, ta tafi ta bar mini, ni na gaje ka. Me ka kawo na cefane?" Dariya ta kama kowa, aka kawo fura.

Kafin la'asar gida ya cika, kuma a nan na gane cewa rabin Iya kawai muka sani. Mu tsohuwa muka tarar, mai carbi da faɗan a rufe tukunya. Su kuwa suna maganar yarinyar da ba a kayar da ita a gaɗa, mai tsiwar da ta taɓa fasa tulun wata a layin rijiya, don garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa. Wani dattijo, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, ya ce da kuɗin ƙuli-ƙulinta aka saya masa littattafai shekara da shekaru. Umma ta riƙe baki, ita da Iya ta haifa ba ta taɓa ji ba. Ni dai ina ganin ba ɓoyewa Iya ta yi ba, kawai ba ta ɗauke shi abin faɗa ba.

Da aka kwance kayan, Inna ta juya tasoshin ɗaya bayan ɗaya, ta ture guda gefe. "Wannan tawa ce dama. Aro ta yi ranar da za a kai ta, ta ce in ta zo ganin gida za ta dawo da ita."

Washegari dattijon nan ya zagaya da ni kasuwar Dole da unguwar Zango, inda ayarin raƙuma daga Agadas ke sauka a da. Na sayi kilishi da takalman fata na tsaraba. Da za mu tafi Inna ta sa aka ɗora mana buhun gero, Umma na cewa ya yi yawa, ita kuma tana cewa ba namu ba ne, na sadakar Yaya ne, a dama kunu a raba wa almajiran Fagge ranar Juma'a.