Godiya ga duk wanda ya tsaya wa Autanmu

Assalamu alaikum. A madadin Hajiyarmu da dukan gidanmu na Tudun Wadan Zariya, ina miƙa godiya ga jama'ar da suka cika mana gida ranar Asabar, wajen walimar dawowar Autanmu bayan shekara takwas yana buga ƙwallo a ƙasashen waje. 'Yan uwa na cikin birni, surukanmu na Samaru, abokan wasansa na Sabon Gari da Gyallesu, da waɗanda suka taso tun daga Kaduna da Kano, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai mutanen da hayaniyar taro ba ta bar ni na gode musu yadda ya kamata ba, su suka sa na zauna rubutun nan.

Na farko Kocinsu na unguwa. Tun da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, kowane yaro mai takalmin ƙwallo a Zariya ya sa ran tasa ranar. Auta yana shekara sha shida wani dillali ya zo mana da maganar gwaji a Turai, mu dai mu haɗa kuɗin biza da na jirgi. Koci ya ce atafau ba da shi ba. Ya ce dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa buga ƙwallo, sai bisa wasu 'yan dalilai da ba su shafe mu ba, kuma ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa. Wallahi na yi fushi da shi, har na ce baƙin ciki yake mana. Koci, ka yafe mini. Da mun bi son ranmu, da gonar Baba ta tafi a banza.

Da lokaci ya yi, ya tafi ta hanyar da ta dace: shekara uku a Tunisiya, sannan wata ƙungiya ta rukuni na biyu a Gabashin Turai. Mu a nan hotuna muke gani a Facebook, ga riga mai lamba shida, ga dusar ƙanƙara, muna ta masha Allah. Ba mu san azumin da yake buɗe baki shi kaɗai a ɗaki ba, ko ihun biri da 'yan kallo ke yi masa a wasu filayen.

Sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Irin raunin da ɗan wasan Najeriya Sadiq Umar ya ji ne a ƙungiyar Real Sociedad ta Sifen a Satumban 2022, wanda bayan tiyata sai mutum ya yi wajen wata tara bai taka leda ba. A lokacin Sadiq yana babbar ƙungiya mai likitocinta. Ta Auta kuwa ta daina biyansa albashi, ta karɓe gidan da ta ba shi, ga shi takardar izinin zamansa a ƙasar tana rataye da kwantiragin. Yaro yana kan sanduna, a cikin hunturu, ba ya jin yaren mutanen sosai.

A nan Allah ya kawo masa bayinsa. Wani abokin wasansa ɗan Gana, Kirista, ya ɗauke shi zuwa ɗakinsa wata biyar, ya bar masa gado ya koma kan kujera. Wani ɗalibin likitanci ɗan Maraɗi ya riƙa raka shi wajen gashin ƙashi yana yi masa tafinta. Lauyan ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar ya faɗa masa abin da bai sani ba: idan aka riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, yana da damar ba ƙungiya wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba ta biya ba ya raba gari da ita ya kai ƙara FIFA. Haka aka yi, kuma aka ba shi gaskiya. Waɗannan mutum uku ba su taɓa zuwa Zariya ba, amma sunansu ba ya fita daga addu'ar Hajiya.

A gida kuma, Kawu ya sayar da shanunsa biyu bai shawarci kowa ba. 'Yan majalisarmu suka yi karo-karo har sau uku. Ina kuma gode wa waɗanda suka san halin da ake ciki suka kama bakinsu, da waɗanda suka daina aika masa saƙon a turo, suka koma tambayar ya jiki.

Hajiya, mun ɓoye miki maganar wata huɗu saboda hawan jininki. Ni na yanke wannan shawarar, ba Auta ba. Ki gafarce ni.

Gwiwar ta warke, yana tafiya da ƙafarsa, amma likita ya ce ƙwallon kuɗi ta ƙare. Yanzu kullum bayan Asuba yana fili tare da Koci suna ba yara atisaye. Ya ce in sanar, duk iyayen da aka kawo wa ɗansu takardar kwantiragi ko gayyatar gwaji, su kawo ya duba musu kafin a sa hannu, ba ya karɓar ko kwabo. Ana samunsa a gida bayan La'asar.