Kofin fulawa da littattafan da suka gyara mini hannu

A wata na biyu da fara kwas ɗin koyon girki, Malama ta ba mu aikin gida: kowacce ta zaɓi girki ɗaya daga littafi, ta yi shi yadda aka rubuta, ba ragi ba ƙari. Na ɗauki kek mafi sauƙi da na gani. Sau uku ina yi, sau uku yana fitowa da tauri kamar bulo. Na je wa Malama da ƙorafi cewa littafin nan shirme ne.

Ba ta yi gardama da ni ba. Ta miƙo mini kofi da sikeli, ta ce, "Auno fulawar yadda kika yi a gida." Na cusa kofin cikin fulawa, na danna, na ɗora, sikeli ya nuna wajen giram 150. Ita kuma ta riƙa ɗebowa da cokali tana zubawa a hankali, ta share saman da bayan wuƙa, sai ga giram 120. Kek ɗin kofi uku yake ci, wato kowane karo ina ƙara masa kusan giram 90 ban sani ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen kek dai nawa idon bai san komai ba.

"Kin karanta shafukan farko?" Abin da ta tambaye ni ke nan. Ban karanta ba. Wa yake karanta su? Ashe a can marubuciyar ta bayyana yadda take awo.

Daga baya na fahimci cewa shi kansa awon yana da tarihi. Littattafan girki na dā sukan ce a zuba "ɗan man shanu" a dafa "har ya yi". Eliza Acton a Ingila, cikin littafinta na 1845, tana daga cikin na farko da suka jera kayan haɗi da adadinsu da tsawon lokacin dahuwa. Fannie Farmer kuma, a littafin makarantar girki ta Boston na 1896, ta dage a kan kofi da cokali da aka share samansu daidai. Yawancin littattafan Amurka har yau a kan wannan tsari suke, suna ɗauka kowa ya sani. Ga shi kuma kofin ma ba ɗaya ba ne. Na Amurka wajen mililita 240 ne, na wasu ƙasashen 250. Babban cokali a mafi yawan wurare mililita 15 ne, amma a Ostareliya 20 ne. In gishiri ne ko bekin soda, wannan ɗan bambancin ya isa ya lalata abinci. Shi ya sa kafin in duba hoto ko ɗaya, sai na fara gano ƙasar da aka rubuta littafi, da kuma ko ya ba da awo a giram.

Abin da ya fi canza mini hannu shi ne gane cewa littattafan girki kashi biyu ne. Akwai masu ba da umarni kawai, akwai masu faɗin dalili. Na farkon yana da amfani matuƙar komai ya tafi daidai. Ranar da abu ya kwaɓe, ba shi da ta cewa.

A cikin masu faɗin dalili, wanda nake fara miƙa wa mai koyo shi ne Salt, Fat, Acid, Heat na Samin Nosrat, wanda ya fito a 2017. Rabinsa na farko bayani ne a kan abubuwa huɗu: gishiri, mai, tsami da zafin wuta. A nan na koyi cewa idan miya ta yi lami, ba lallai gishiri ne ya gaza ba, wani lokaci ɗigon lemon tsami take nema. Na koyi sa wa nama gishiri tun da wuri domin ya samu lokacin shiga ciki. On Food and Cooking na Harold McGee, na 1984 da aka sabunta a 2004, ya fi nauyi, kuma ba na ba kowa shawarar karanta shi daga bango zuwa bango. Littafi ne na dubawa idan tambaya ta taso. Shi ya rushe mini abin da na daɗe ina maimaitawa da ƙarfin gwiwa, wai soya bayan nama da wuta mai ƙarfi yana kulle ruwansa a ciki. Ba ya kullewa. Ƙarar da ake ji a kasko ruwan ne ke fita. Amfanin suyar shi ne launi da ƙamshin da take haifarwa. Na yi kwana biyu ina jin haushin McGee kafin na sallama. The Food Lab na J. Kenji López-Alt, na 2015, yana tsakanin biyun: yakan gwada abu ta hanyoyi da dama ya nuna sakamakon kowacce.

Mujallu kuwa, galibinsu na kallo ne, kuma ban ga laifin hakan ba, kallo ma yana kawo sha'awar shiga kicin. Wadda na koyi aiki daga gare ta ita ce Cook's Illustrated, da ta fara fita a 1993 ba tare da tallace-tallace ba, saboda tana ba da labarin gwaje-gwajen da suka lalace kafin a kai ga wanda ya yi.

Girke-girken intanet ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, don a can gwani da mai kwafe duk kamarsu ɗaya. Ina da ɗan gwajin da nake yi musu da albasa. Duk wanda ya ce albasa za ta yi laushi, ta koma ruwan ƙasa mai zaƙi cikin minti 10, ko dai bai taɓa yi ba, ko yana tsoron kada mai karatu ya gudu. Aikin minti 40 ne ko fiye, a kan wuta kaɗan. Marubucin kirki ba ya tsayawa a minti, yakan faɗi alama: launin da za a gani, ƙamshin da zai tashi, yadda tsinke zai fito daga tsakiyar kek. Bai san kaskona ba, bai san murhuna ba, kuma ya san bai sani ba.

Wannan littafin da na kira shirme yana nan wurina, bangonsa ya sha mai. Yanzu da fensir nake karanta shi. A gefen shafin kek ɗin na rubuta "fulawa giram 360", a ƙasa kuma na ƙara cewa tanderuna yana da zafi fiye da abin da yake nunawa, a fara dubawa minti biyar kafin lokaci.