Tsaron shago ta waya

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas, kuma da yawa daga cikinmu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Zariya a lokacin muka bazama neman abin yi. Ni rabona ya faɗa kan wani mai shadda da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Daga ɗakina a Samaru nake riƙe masa WhatsApp da Instagram: in ɗora hotunan kaya, in amsa masu tambaya, in rubuta oda, yaron shago kuma ya kai kaya tashar Kwangila a sa a motar Kano ko Kaduna. Irin aikin da ƙananan kamfanonin Amurka ke ba mutanen Filifin da Indiya ke nan, sai dai su da dala ake sallamarsu, ni da naira da kuɗin data.

Ɗora hoto ba komai ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ciniki. Bahaushe ba ya saye sai ya taya, Alhaji kuwa farashinsa a kansa yake. Kuɗin da zai faɗa wa Hajiyar da ta shekara goma tana sayayya a wurinsa daban, na baƙo daban, akwai ma wanda ake ba kaya sai ƙarshen wata. In na kira shi yana tsakiyar ciniki, sai bayan la'asar zai waiwaye ni, mai saye kuwa tuni ya yi gaba. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a rubuta min kuɗin da in an taya zan ce a kawo, da wanda zan ce albarka." Ya daɗe yana juya maganar, don ɗan kasuwa ba ya son a leƙa masa sari. Daga ƙarshe ya ba ni na atamfa, ya riƙe na manyan shaddodi. A ganina daidai ya yi. Abin da mai shago zai iya rubutawa a takarda, shi kaɗai yake iya miƙa wa wanda ba ya shagon.

Kuɗi kuwa ban yarda su biyo ta hannuna ba. Da ƙarancin takardun naira ya zo a farkon 2023, kowa ya koma tiransifa, hotunan rasit na bogi suka yi yawa. Muka tsaya a kan cewa asusun Alhaji ake turawa, kuma kaya ba sa barin shago sai ya ga alat da idonsa. Wannan ni ya fi karewa. Na san waɗanda suka riƙa karɓa ta asusunsu, lissafi ya rikice, zumunci ya lalace.

Akwai kuma masu sayen da ko me na rubuta ba sa gamsuwa sai sun ji muryarsa, an gaisa, an tambayi iyali, an yi barka ko ta'aziyya, kafin a zo kan yadi nawa. Irin waɗannan lambarsu kawai nake tura masa, in koma kan sauran oda.