Abin da na koya a aikin binciken ƙwaƙwaf da haɗa fodkas a Katsina

Yaran da ke karatun jarida suna yawan turo mani saƙo wai suna son shiga binciken ƙwaƙwaf ko su buɗe fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, kuma kusan kowa tambayar shi ɗaya ce, wace rakoda zan saya, wane makirfo ya fi kyau. Tau ai wannan shi ne mafi sauƙin abin. Wayar da ke hannunka ta isa, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ake sauke ta a kwamfuta, in ba ka da situdiyo ka shiga ɗaki ka rufe taga ka rataya barguna a bango, ka jira dare ya yi janaretan maƙwabta ya yi shiru. Wahalar tana wani wuri daban, kuma ba wanda ya faɗa mani ita a aji.

Ni daga rubutu na fara. A rubutu in mutum ya ce kar a faɗi sunan shi, sai ka ce "wani mazaunin yankin" shikenan ka wuce. Da na koma murya sai na ga abin ba haka yake ba ko kaɗan. Mutumin ƙauye a Batsari ko Safana ko Ɗanmusa, ko ka cire sunan shi da sunan garin, daƙiƙa biyar ta isa mutanen garin su ce ai wane ne wannan. Kuma ba mutanen garin kaɗai ke ji ba. Duk wanda ya zauna jihar nan ya san abin da ya sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba na 2021, maganar infoma ce da yadda labari ke isa wurin 'yan bindiga a daji cikin minti kaɗan. Shirin da ka ɗora a intanet wani zai sauke, ya tura a WhatsApp, wani ya karɓa ta Xender a shagon mai cajin waya ranar kasuwa, kafin sati ya zagayo yana cikin wayar mutumin da ake magana a kan shi. Kai kana cikin birni kana shan shayi a Ƙofar Ƙaura, shi wanda ya yi maka magana yana can, gonar shi tana bakin daji, kuma gobe sai ya je ta.

Mutane suna ɗauka in ka sa manhaja ta kaurara murya ko ta sirantar da ita an gama. A'a. Kowa yana da yadda yake jan magana, wani "wato wato" ne, wani sai ya rantse kafin kowace jimla, wani yana da ɗan tari, duk wannan injin ba ya ɓoye shi. Sannan ga abin da ke bayan muryar, ladanin masallacin garin, injin markaɗe, mai tallan da kowa ya san kiran shi. Don haka yanzu in maganar mai haɗari ce rubuta ta nake kalma da kalma in ba wani ya karanta, in kuma faɗa ma masu sauraro cewa ba muryar mai maganar ba ce. Shirin yana rage daɗi, na sani, abokan aiki ma sun sha ce mani na kashe mashi rai. Na yarda.

Akwai kuma maganar izini. Tsohuwar da aka kashe ma ɗa, in ka ce Inna in sa muryarki, ce maka za ta yi "sa ɗana, mi ya rage mani." A lokacin da gaske take. Amma tana da jikoki a gidan, tana da suruka, kuma zafin rashi ne ke magana. Abin da nake yi sai in bari kwanaki su wuce in koma ko in kira, in kunna mata abin da ta faɗa ta ji da kunnenta, in akwai babban namiji ko babbar 'ya a gidan su ma su ji. Da yawa a nan suke cewa a cire kaza, wasu su ce a bari gaba ɗaya. Hirarrakin da suka fi taɓa ni a aikin nan suna nan cikin kwamfuta ba wanda ya taɓa jin su, kuma haka za su zauna.

Ɗaya ɓangaren aikin kuma takarda ce, ba abin burgewa a ciki. Kasafin kuɗi ne ka zauna da shi kana bin layi layi har ido ya yi ja, ka ga an rubuta rijiyar burtsatse ko ajujuwa biyu a gari kaza, ka ɗauki sunan kamfanin ka duba rajistar shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka leƙa abin da masu bin diddigin kasafin kuɗi irin su BudgIT da Tracka suka tattara kan ayyukan mazaɓu, sannan ka hau mota ka je ka gani da idonka. Wani lokaci ka tarar da allon kwangila kawai a tsaye cikin ciyawa. Wani lokaci kuma ka tarar aikin an yi shi tsaf, wanda ya kawo maka tsegumin ɗan adawa ne yana neman wanda zai yi mashi faɗa kyauta. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma kuɗin motarka sun tafi.

Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011 da Jonathan ya sa mata hannu, ta ce ma'aikata ta ba ka amsa cikin kwana 7. Shekara da shekaru ana ja-in-ja ko ta hau kan jihohi, sai a 2025 kotun ƙoli ta ce ta hau. A aikace dai, wani ofis da na kai ma takarda sai da na yi ta zirga-zirga, yau oga ya yi tafiya, gobe fayil yana teburin wani, har na daina lissafi. Duk da haka ina rubutawa, kuma ba na barin wurin sai an buga mani hatimin karɓa a kwafina. Wannan hatimin kaɗai wata rana shi zai tsaya maka in an ce ba ka nemi jin ta bakinsu ba.

Jin ta bakin wanda ake zargi kuwa ba alfarma ba ce. Za ka kira, "Yallaɓai barka da aiki, ga abin da muka gano, mi za ka ce?" Wani ya zage ka, wani ya ce zo ofis mu gaisa, kana tashi ya miƙo ambulan wai kuɗin mai. Ba zan yi wa kowa wa'azi ba don na san albashin ɗan jarida a ƙasar nan, wasu ma ba albashin, katin shaida kawai aka ba su. Amma wanda ya karɓa ya san labarin ya mutu a nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara shi ne ta inda matsin lamba ke zuwa. Mun karanta labarin ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa ya kashe a 1986, mun san sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi ta kama 'yan jarida da shi kafin a yi mashi gyara a 2024, mun ga tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC ta ci Trust TV a 2022 kan shirin 'yan bindiga. Duk gaskiya ne. Amma a Katsina kafin ɗan sanda ya zo kawunka ne zai fara zuwa. Garin nan kowa ɗan uwan kowa ne, in ba ta jini ba ta aure, in ba ta aure ba makarantar allo ɗaya. Ba kai za a kira ba, mahaifinka za a tare bayan sallar Isha'i a ce Alhaji ka ja ma yaron nan kunne, ai wane namu ne. Sai a kira ka zaure, ka durƙusa, kuma ba ka isa ka ɗaga murya ba. Abin da na ga yana aiki shi ne in zo da takardun in shimfiɗa a gaban shi in ce Baba ga abin da aka ware, ga hoton wurin, ga mutanen da ke shan ruwan tafki. Dattijo in ya ga hujja yawanci shiru yake, iyaka ya ce tau ka dai yi a hankali. Shi ya sa ba na sakin abin da ba zan iya karewa a zauren gidanmu ba, can ne tambayoyin suka fi na lauya zafi.

Gaggawa ma na rage ta. Lokacin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 kowa da adadin da yake bugawa a Facebook, har sai da aka sako su aka ji 344. Fodkas ba zai taɓa riga Facebook ba, tau mi ye na tsere? Wanda ya kunna shirinka yana son ya ji yadda aka yi da dalilin da ya sa.

Kuma kar yaro ya shigo yana jiran abin da ya faru a 2018, da BBC ta saki binciken maganin tari mai kodin gwamnati ta hana shi nan take. Irin wannan jefi-jefi ne. Mafi yawan lokaci shiru za ka ji, sai bayan watanni wani ya turo maka hoto wai ga shi an kawo siminti.

Ta fannin haɗa shirin kuwa data ce ke mulki. Na daina yin na awa guda, minti 15 zuwa 20 ya isa, in matse fayil ɗin ya yi ƙanƙanta yadda zai wuce a WhatsApp ko da sabis ɗin yana rawa, don masu saurarona ba Spotify suke shiga ba, direbobi ne da teloli da matan aure a tsakar gida. Biliyan kaza ba ta nufin komai a kunne sai ka ce kuɗin nan za su gina aji nawa. Kuɗin aikin kuma har yanzu rabi daga aljihuna ne, rabi daga ɗan tallafin da ƙungiyoyin horar da 'yan jarida ke bayarwa in ka dace, talla kuwa 'yan kasuwa suna gudu da sun ji kalmar bincike. Yanzu haka akwai saƙonnin murya cike da wayata kan rabon taki na daminar bana, ban tantance ko ɗaya ba tukuna, sai ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan shiga kasuwar Jibiya in fara da masu sayarwa.