Baƙin layi a bugun sassaƙa: abin da aka koyo daga masu tatu

Duk wanda ya kalli aikin Tom Huck na jihar Missouri ko na Bill Fick a Amurka, abin da zai fara shiga idonsa shi ne kaurin baƙin layi. Dukansu masu bugun sassaƙa ne: ana sassaƙa hoto a allo, a shafa masa tawada, a buga a takarda. Huck katako yake sassaƙawa, Fick kuma linoliyam (wani abin shimfiɗa a daɓen ɗaki mai sauƙin yanka), amma dukansu sun sha daga zanen tatu da littattafan labarin zane. Dangantakar ma tsohuwa ce: a Japan, hotunan jarumai masu zane a jiki da mai zane Utagawa Kuniyoshi ya fara bugawa da allon katako wajen 1827 su suka ƙara wa tatu farin jini a birnin Edo, wato Tokyo ta yau.

Masu tatu sun san siririn layi yana bajewa a fata bayan shekaru. Haka allon bugu yake: layin da bai kai milimita 1 ba sai ya gutsure a bakin wuƙa, ko ya kwanta idan aka danna takarda. Don haka ka zana layin gefe da kauri, milimita 2 zuwa 3, ka bar sirara ga gashi da fuka-fuki.

Hoto yana fitowa a juye. Idan akwai rubutu, irin wanda masu tatu ke sawa cikin zanen ƙyallen da ya naɗe wuƙa ko fure, ka juya shi tun wajen kwafa, in ba haka ba aikin mako guda ya tafi. Ka shafa wa allon jan launi tsararo kafin ka fara, don ka riƙa ganin inda wuƙa ta ci. Linoliyam mai sanyi yana da tauri. Ka ɗan shanya shi a rana ya yi laushi.

Inuwa ita ce wurin wahala. Allo bai san toka-toka ba, baƙi ne ko fari. Da wuƙa mai baki kamar V za ka shiga da zurfi daga wajen fari, kana sassauta hannu har yankan ya ƙare da tsini cikin baƙi. Jerin irin waɗannan yankan, kusa da kusa, shi ke ba da inuwar da allurar tatu ke yi. Wuƙa mai baki kamar U ta share fili ce kawai. Hannun da ke riƙe da allo kuma kullum ya kasance bayan wuƙa.

Launi uku sun isa: ja, rawaya, kore, kowanne da allonsa. Ka buga allon baƙin layin a kan leda mai kauri, ka kifa ta kan sabon allo tun tawadar ba ta bushe ba, zanen zai hau daidai. Ka bar launi ya shige ƙarƙashin baƙin layi da milimita 1, domin ko takarda ta ɗan goce farin tsagi ba zai bayyana ba. Mai haske ake fara bugawa, baƙi a ƙarshe.

Tawada mai mai ta fi, don mai ruwa tana bushewa a kan rola idan ana zafi. Ka murza ta a gilashi har ta yi siririyar ƙara kamar yayyafi. Idan tana ɗanƙo da ƙarfi ta yi yawa, za ta cike ƙananan yanka. Ka goga bayan siririyar takarda da cokalin katako, ka ɗaga kusurwa ɗaya ka duba kafin ka cire. Kowane launi a ba shi kwana 2 ko 3 kafin na gaba ya hau.