Haƙorin da aka kawo daga wajen Goronyo

Talata, Sakkwato.

Da hantsi wani ɗalibi ya kawo haƙori naɗe cikin tsumma, tsawonsa santimita 4, ya ce a wajen Goronyo aka tsince shi, kuma mutane na cewa na damisar nan ce mai fiƙar takobi. Ba nata ba ne.

Duwatsun yankin laka ce ta tsohon teku. Shimfiɗar dutsen da ake kira Dukamaje ta kai shekara miliyan 66 zuwa sama, ta Dange da farar ƙasar Kalambaina suka biyo baya kaɗan. Haƙoran kifi da kada da ƙadangarun teku irin Goronyosaurus ake samu a ciki. Ita kuwa damisar mai fiƙar takobi, wato Smilodon, ta bayyana wajen shekara miliyan 2.5 da suka wuce, ta ƙare kimanin shekara 10,000 baya, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ta rayu. Wani masanin tsoffin ƙasusuwa, Peter Lund, ya raɗa mata suna a 1842 daga ƙasusuwan kogunan dutse na Brazil. Danginta na Afirka, Dinofelis da Homotherium, a gabashi da kudancin nahiyar aka fi tono su.

Siffar ma ta isa shaida. Fiƙar Smilodon a baje take kamar wuƙa, ta lanƙwasa baya, gefenta da tsaga-tsaga ƙanana irin na zarto, babbar takan kai santimita 28 har da saiwa. Siririya ce, tana iya karyewa in ta ci karo da ƙashi, shi ya sa dabbar ke danne abin farauta da ƙaƙƙarfan ƙafafun gaba kafin ta yi cizo, bakinta na buɗewa fiye da digiri 100. Na ɗalibin nan kewayayye ne kamar turke, gindinsa da rami. Na kada ne ko ƙadangaren teku.

Abin da ya dame ni, an wanke shi da ruwa, har ya tsage gida biyu. Lakar da ke cikin haƙorin na kumbura in ta sha ruwa, in ta bushe ta ja, haƙorin ya dare. Na ce masa: «Ɗana, burushi mai laushi kawai, a bushe.» Muka shafa wa haƙorin wani gam na adana tsoffin ƙasusuwa mai suna Paraloid B-72, kashi 5 cikin ɗari a narke cikin sinadarin asiton, don ana iya narkar da shi daga baya; gam na kasuwa in ya kama ya kama. Ba a kuma rubuta inda aka ɗauke shi ba, rabin amfaninsa ya tafi ke nan. Gobe zai koma ya tambayi wanda ya tsinta, ya ɗauko hoton wurin.